Shekarar da Na Ɗauko Auwalu daga Gwaram

Ku 'ya'yana da jikokina kun taso kun tarar da Auwalu da gemunsa da rumbunansa na ajiya a Gwaram, kuna durƙusa masa, wasu na ce masa Yaya, wasu na ce masa Baffa. Kun kuma tarar da wata magana tana yawo a gari, wadda ba a faɗa a gabana amma na san ta shiga kunnen kowannenku, wai ni na sayar da hancin ɗana na fari da haihuwarsa na sayi arziki. Ban taɓa tsayawa na amsa ba, domin in ɗan kasuwa ya tsaya amsa duk abin da aka ce, rana za ta faɗi bai kasa kaya ba. Yanzu na bar wa yara kasuwa, ina da lokaci. Kafin in ɗauki alƙalami na tambayi Auwalu, ya ce in rubuta duka, ba shi da abin ɓoyewa.

Ni da hanci na ci abinci, wannan gaskiya ne. Ban gaji shago ba, ban gaji jari ba. Da jaki na fara, ina bin kasuwannin Fagam da Basirka da Surko ina sayen zuma da man shanu da daddawa, in kawo Birnin Kudu, daga baya har Kano. A wannan sana'a ido ba ya isa. Zumar da aka haɗa da dafaffen sukari ta fi ta gaske kyan gani, tsohon man shanun da aka wanke aka cakuɗa da sabo kuwa fari ne tas. Ni dai in na ɗaga faifai na sunkuya, ciniki ya ƙare. Zan gaya maka ko ƙudan zuman furen ɗorawa ya sha, ko mai ɗiba ya cika hayaƙi. Matan Fulani suka sa mini suna Garba Hanci, in sun hango ni daga nesa wadda ta san ƙwaryarta da matsala sai ta ja ta bayanta tana dariya. Da kuɗin fetur suka fara shigowa ƙasa, bayan an bar fam an koma naira, ma'aikata suka yi yawa, kowa yana son abu mai kyau a gidansa. A lokacin ina da shago a Birnin Kudu, ina kuma da rabo a wata babbar mota da muka haɗa hannu muka saya ni da wani abokina. Ba wanda ya ba ni wannan, ni na nema, Allah ya dafa mini.

Auwalu shi ne ɗana na fari, kuma ku yaran yanzu ba za ku gane nauyin wannan ba sai na faɗa muku. A zamaninmu ɗan fari ba na ubansa ba ne. Ana yaye shi, wana Yaya Idi ya zo daga Gwaram ya ɗauke shi, ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban sa ran a tambaye ni ba. Ba na kiran sunansa, ba na ɗaukarsa, in ya shigo inda nake sai in kau da kai in ci gaba da magana da wani. Uwarsa Kande ta fi ni tsanani, ita in dole ta ambace shi sai ta ce “wancan na Gwaram”. Wannan ita ce kunyar ɗan fari, kuma mutum da ita ake auna tarbiyyarsa. Yaya Idi da matarsa Inna Tabawa sun riƙe shi da gaskiya, ba zan taɓa cewa sun rage shi da komai ba. Su yake kira Baba da Inna. Ni Baba Ƙarami yake ce mini.

To, da gefen ido nake kallonsa ranar kasuwar Gwaram, kuma gefen idon ɗan kasuwa ba ya barci. Yaro ya yi tsawo, hannuwa zara-zara, amma fuska sumul, murya siririya kamar ta ɗan shekara goma. Ya haura ashirin. Sa'o'insa da aka yi musu kaciya tare sun yi gemu, wasu har sun ajiye iyali. Abin da ya fi ci mini rai shi ne shiga gidaje. Kun san yaro yana shiga kowane gida har cikin ɗakunan mata, ranar da ya balaga kuma sai a tsayar da shi a zaure, ba wanda yake sanarwa, murya ce da fuska suke yin aikin. Auwalu ba a taɓa tsayar da shi ba. Matan kulle na unguwar duka shi suke aika, ya kai fura, ya karɓo zare, ya shiga ya tarar da su ba mayafi ba wadda za ta motsa. Na taɓa ji da kunnena wani saurayi yana ce masa a bakin rumfa:

“Auwalu, in ka shiga gidan Malam ka gaya mana amaryar fara ce ko baƙa, tunda kai an yarda da kai!”

Aka tuntsire da dariya. Shi ma ya yi dariyar, irin ta wanda ya saba. Ni ina auna daddawa, ban ɗaga kai ba, domin ba hurumina ba ne.

Maganar hanci kuwa a kakar shekarar da na ɗauko shi na gano ta. Kaya sun yi mini yawa, Yaya ya turo shi ya taya ni a rumfa. Wata mata ta kawo man shanu, tun kafin ta sauke na ji ya juya. Auwalu ya ɗaga faifan, ya sunkuya kamar yadda ya ga ina yi, ya ɗago ya dubi fuskar matar, ya ga tana murmushi, sai ya ce mai kyau ne. Na sallami matar. Da rumfa ta yi sarari na yi abin da ban taɓa yi ba, na yi masa magana kai tsaye. Na ce ya rufe ido. Na ɗauko curin daddawa, irin wadda in an buɗe buhunta har rumfa ta uku ake sani, na kai masa dab da hanci.

“Me ka ji?”

“Iska, Baba Ƙarami.”

Na jiƙa tsumma da kananzir na kai masa. Ya ce ya ɗan ji sanyi. Na ce ya buɗe ido, ya ga abin da ke hannuna, sai ya sunkuyar da kai.

“Tun yaushe?”

“Ban san yaushe ba. Ni da na ɗauka kowa haka yake, ana dai faɗa ne kawai. Da na gane ba haka ba ne sai na riƙa kallon fuskar mutane. In sun yamutsa in yamutsa, in sun ce daɗi in ce daɗi.”

Shekara ashirin yana yamutsa fuska a kan warin da bai taɓa ji ba, ba wanda ya kama shi, har Inna Tabawa da ta goya shi. A nan na san yaron nan ba wawa ba ne.

Na je na sami Yaya na gaya masa. Da farko ya ƙi yarda, ya ce ai in ana soya barkono Auwalu ne farkon mai atishawa, ta yaya za a ce hancinsa ba ya aiki? Da ya gwada da kansa ya gani, sai ya aika aka kira Baba Jatau, wanzamin gidanmu. Wannan tsoho shi ya aske mini gashin suna, shi ya yi mini kaciya, shi ya yi wa Auwalu. Ba ɗa a zuriyarmu da askarsa ba ta taɓa ba, kuma hannunsa yana da kyau, ban taɓa jin ya ɓata aiki ba. Ya duba maƙogwaron yaron, ya lalluba ƙeyarsa, ya ce belu ne ya tsiro ta baya ya toshe hanyar hanci, kuma shi ne ya danne masa girma. Za a yanke can ciki, sannan a sa ƙarfe a wuta a yi masa lalas a doron hanci da ƙeya, abin da ya taru ya fita. Aka sa rana.

Da hantsi na iso Gwaram ran nan. Na tarar zauren Yaya cike da dattawan unguwa, an hura gawayi a kasko, ƙarfe yana ciki ya fara ja. Auwalu yana zaune a kan turmi an tuɓe masa riga, samari biyu a tsaye a bayansa don su riƙe shi. Wurina a irin wannan taro shi ne can gefe, in yi shiru, in ma da hali in fita waje kamar ba ruwana. Na gaisa da kowa, na durƙusa gaban tsohon.

“Baba, ina da tambaya. Wa ka taɓa yi wa wannan aikin ya warke?”

Baba Jatau ya ajiye zabirarsa ya dube ni.

“Garba, ni na aske maka gashin suna.”

“Na sani, Baba. Shi ya sa kai nake tambaya, na san ba za ka yi mini ƙarya ba.”

Allah ya ji ƙansa, mutum ne mai gaskiya.

“Ban taɓa ganin irinsa ba. Amma inda ya toshe, buɗewa ake yi.”

“To ni a sana'ata ba na karɓar kayan da mai shi ma bai ga cikinsa ba. A ɗaga ƙarfen nan.”

Yaya Idi ya miƙe tsaye. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba.

“Ɗanka ne ko ɗana? Yaushe ka fara sanin ciwonsa? Kunya ta ƙare a gidan nan ke nan, Garba? Don ka sayi mota?”

Duk abin da ya faɗa a kan al'ada daidai ne, ba ni da hujja a nan. Na juya, na kira sunan da bakina bai taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa shi. Na ce, “Auwalu, in kana so, ɗauki rigarka. Zan kai ka asibiti. Ban yi maka alkawarin komai ba.” Wani dattijo ya yi salati kamar na yi ashar a masallaci. Yaron ya dube ni, ya dubi Yaya, ya sauko daga turmin ya durƙusa a gabansa.

“Baba, ka yafe mini. Na gaji da shiga gidaje.”

“In ka fita da shi,” in ji Yaya, ni yake kallo, “ka fita da shi ke nan.”

Muka fita. Da muka iso Birnin Kudu, Kande ta ajiye masa tuwo a ƙofar ɗaki ta juya baya ba ta ce masa ko sannu ba, don ita ba ta ajiye tata kunyar ba. Ni ta samu a bayan rumbu ta ce, “Ka jawo mana maganar da ba za ta mutu ba. Amma da ka tsaya an ƙona shi, da ka nemi mai dafa maka.”

Asibitin garinmu suka tura mu Kano, Kano suka tura mu Zariya. A can muka sami wani likita ɗan kudu, Hausarsa irin ta bariki, amma yana da haƙuri. Ya jera wa Auwalu 'yan kwalabe ya riƙa miƙa masa ɗaya bayan ɗaya, na ji kanumfari a ciki tun daga inda nake zaune. Suka ɗebi jini, suka ɗauki hoton kansa, suka auna shi ta ko'ina. Da sakamako ya fito likitan ya zaunar da mu ya ce ba abin da ya toshe, ba abin yankewa, da an yanka ma jini kawai za a zubar. Ya ce haka aka haife shi. Ya ce rashin jin ƙanshi da rashin balaga sukan zo tare a jikin wasu mutane, likitoci sun san da haka, amma abin da ya ɗaure su wuri ɗaya ba su gano ba tukuna. Hanci ba shi da magani. Girma akwai allura, za ta kawo murya da gemu da ƙarfi, amma ba a dainawa. Haihuwa kuwa ba zai yi mana alkawari ba.

“Likita,” na ce, “abu uku na kawo maka, ɗaya za ka ba ni? A kasuwa ba a tashi a haka.”

Ya yi dariya har ya cire tabarau.

“Malam Garba, ɗayan ne a hannuna. Da ina da sauran, da na ba ka kyauta.”

Na dubi Auwalu, don jikinsa ne ba nawa ba. Ya ce, “A yi.”

Abin da ya biyo baya ban yi tsammaninsa ba, ni da nake ganin na san mutane. Kafin mu dawo daga Zariya magana ta riga mu isa Gwaram. Aka ce ku duba, mutumin da hancinsa ya fi na kowa, ɗansa na fari ba shi da hanci, kuma da aka zo za a buɗe ya hana. Me yake tsoro in ba kada abin ya warware ba? Ba sai an ƙara komai ba. Matan Fulani da suke yi mini ba'a suka koma rufe ƙwarya da gaske in na doso. Masu ɗibar zuma na Fagam da na yi shekaru ina karɓar kayansu suka kai wa wani. Abokin motata ya zo da kunya ya ce iyalinsa sun matsa masa, mu raba, na sayar masa da rabona. Da Kande ta haihu a wannan rani, Baba Jatau bai zo askin suna ba, sai wanzamin wata unguwa na nemo, kuma daga Gwaram ba wanda ya taka. Na koma hawa motar haya da buhuna kamar farkon farawa, ina zuwa Kano karɓo allura ina dawowa. Ba zan ce muku bai yi ciwo ba. Amma ko sau ɗaya ban kwanta na ce da na sani ba.

Auwalu kuwa na sa shi a shago, na ware masa kayan da ba ruwansu da hanci, gishiri da kwanuka da yadi, daga baya siminti da kwanon rufi da aka fara gine-gine. Nan na ga abin mamaki. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana karanta fuska don ya san wari da ƙanshi, kafin mai saye ya buɗe baki ya san ko da gaske ya zo. Ban koya masa wannan ba.

Amsar da likitan Zariya bai da ita, sai da na tsufa na same ta, kuma a cikin gidana. Hadiza jikata, 'yar wannan yaron da aka haifa a ranin, ita ce ta karanta likitanci. Ta zo mini gaisuwar Salla, na zaunar da ita na ce ta gaya mini abin da ya haɗa hanci da gemu, in an gano. Ta ce an gano da yawa. Ta ce lokacin da ɗa yake ciki bai fi ƙwayar wake ba, wurin da zai zama hanci daban yake, ƙwaƙwalwa daban, tsakaninsu tsoka ce mai taushi ba hanya. Jijiyoyin da za su riƙa kai labarin ƙanshi suna da yawa ƙwarai, kuma ba su san inda za su dosa ba. Sai wasu 'yan kaɗan su fara fita, su miƙa zarensu siriri su ratsa har su taɓa gaban ƙwaƙwalwa. Sauran sai su kama jikin wannan zaren su bi, ɗaya a kan ɗaya, har ya zama igiya mai kauri. Ta ce an ga haka a jikin ƙananan kifaye da ɓeraye, kuma in aka cire na farkon, na baya sai su watse su rasa hanya.

“Jagaba ke nan,” na ce.

“Wane ne jagaba, Alhaji?”

“Kin yi karatu har kin gaji ba ki san jagaba ba? Kakana fatauci ya yi zuwa ƙasar goro. Madugu shi ne mai ayari, amma akwai wanda yake gaba, shi ya san mashigin rafi, shi yake karya reshe ya bar alama. In ya ɓata, ayari duka ya ɓata, komai yawan jakuna.”

“To shi ne. Kuma da yawansu in an gama shimfiɗa hanyar sai su mutu, ba a ƙara ganinsu.”

“Haka yake. Wa ya taɓa tambayar sunan jagaba in goro ya iso kasuwa? To ina gemu ya shigo?”

Ta ce akwai wani ayari na biyu. Wasu ƙwayoyi ne da ake halittarsu a nan wajen hanci, amma aikinsu a cikin ƙwaƙwalwa yake. Wannan igiyar suke bi su shiga, su sami wuri su zauna shiru shekara da shekaru, sai lokaci ya yi su ba jiki umarni ya balaga. In hanyar ba ta haɗu ba, labarin ƙanshi ba zai isa ba, su ma masu umarnin suna can waje ba su shiga ba. Na tambaye ta atishawar barkono, ta ce wannan wata jijiya ce daban mai jin zafi da yaji, tasa lafiyarta ƙalau, Yaya Idi bai yi ƙarya ba. Na ce to a jikin Baffanki ina ayarin ya tsaya, jagaban ne bai fita ba ko ya fita bai isa ba? Ta ce wannan ba za ta iya faɗa ba, ko manyansu ba su gama sani ba. Na ji daɗin wannan amsa, domin na fi yarda da mai kayan da yake cewa ban sani ba. Ku dai riƙe wannan: abin ya faru tun Kande ba ta ma tabbatar tana da ciki ba, lokacin ina bin jaki ba ni da ko rumfa. Ba wanda ya yi masa asiri, ba abin da Inna Tabawa ta ba shi, ba abin da na sayar. Auwalu bai taɓa jin ƙanshi ba har yau, bai kuma haihu ba. Matarsa ta san haka kafin a ɗaura, ni da kaina na je na gaya wa ubanta, kuma yaran da suka riƙa kun san su, ba a bambanta su da kowa.

In koma waccan shekara. Allura ta fara aiki a hankali. Murya ta fara karyewa, yau ta yi kauri gobe ta zille, yaran shago suna dariya yana taya su. Kafaɗa ta buɗe, gashi ya fito a leɓe da haɓa. Gab da faɗuwar damina ya same ni ya ce yana so ya je ya gaida Baba. Na ce ya tuna abin da aka faɗa mana a zaure. Ya ce ya tuna, amma wanda ya goya shi ba zai ji labarin muryarsa a bakin 'yan kasuwa ba. Na ga gaskiyarsa. Ranar kasuwar Gwaram muka hau mota tare, bayan azahar muka nufi gidan. Ni na tsaya ƙarƙashin tsamiyar da ke fuskantar ƙofa, don ba a gayyace ni ba. Shi ya shiga zaure, ya tsaya a bakin ƙofar ciki, wadda ya yi shekara ashirin yana wucewa ba sallama, ya ɗaga murya.

“Salamu alaikum!”

Daga inda nake na ji daka ta tsaya. Na ji takun gudu, na ji wata tana cewa a miƙo mata mayafi. Sai muryar Inna Tabawa daga tsakar gida:

“Wa alaikumus salam! Maigidan yana masallaci, a dakata a zaure! Ke, kai wa baƙo tabarma da ruwa.”

Auwalu ya juyo ya dube ni ta ƙofa. Bai ce ni ne ba. Ya ja da baya, ya karɓi tabarmar daga hannun yarinyar, ya shimfiɗa ya zauna ya tanƙwashe ƙafa, ya sha ruwan baƙi a gidan da ya taso. Ni da ba a taɓa ganin hawayena a kasuwa ba, sai na tsinci kaina ina gyara hula.

Can sai ga Yaya Idi da carbi a hannu. Ni ya fara gani, fuskarsa ta ɗaure, ya wuce ni kamar kututture. Ya sa kai zaure, Auwalu ya durƙusa.

“Baba, barka da rana. Mun same ku lafiya?”

Yaya ya tsaya cik. Ya daɗe yana kallonsa, ya kai hannu ya kama haɓarsa ya juya ta wajen haske, kamar mai duba ɗan maraƙi a kasuwa. Sannan ya saki, ya ɗaga murya.

“Tabawa! Kin san wa kika ajiye a zaure?”

“Wani mutum ne, Malam, ban san shi ba.”

“Mutum ne kuwa,” in ji Yaya, a hankali.

Ya leƙo waje, ya dube ni sama da ƙasa.

“Kai kuma da ka kafe a gindin tsamiya kamar jakin da aka manta, sai an aiko maka da goron gayyata?”

Na shigo na durƙusa na gaishe shi. Bai amsa gaisuwar da tsawo ba, ya nuna mini gefen tabarma da carbinsa. Ya juya wajen ƙofar ciki.

“A fito da abinci zaure,” ya ce. “Na maza uku.”